Alkaki Mai Naɗin Hagu

Innarmu bahaguwa ce. Tana yarinya an doke ta har ta bar cin tuwo da hagu, an doke ta har ta bar miƙa wa manya abu da hagu, amma wajen aiki hannun nan bai taɓa sauka daga sarauta ba. Da shi take riƙe taɓarya, da shi take juya muciya, da shi kuma take naɗa alkaki. Duk matan Damagaram, in sun mulmula kwaɓin alkaki sun ja shi ya yi tsawo, dama suke murɗa shi. Na Inna kaɗai ke komawa hagu. A gidan biki, ko faranti nawa aka jera, sai ka ji wata ta nuna da baki ta ce, "Wancan na bahaguwa ne, ku miƙo mini shi."

Mu biyu ne muka rayu cikin ƴaƴanta, ni da yayata. Da dama muke yin komai, amma alkakinmu hagu yake murɗewa, don shi ido ya buɗe ya gani. Naɗi ba asiri ba ne, kowa na ganinsa a faranti. Asirin yana wajen murza garin alkama da mai har ya koma kamar yashi mai laima, da sanin lokacin da kwaɓi ya yi tsamin da ake so, da ruwan kanwar da za a kashe tsamin da shi, da kirɓi a turmi har sautin taɓarya ya canza. In an zo nan, Inna takan kori yaran maƙwabta, ta saki asabarin ƙofa, ta ce mana, "Daɗi shi ke fita gida. Hannu ba ya fita." Yaya ta riƙe maganar nan kamar wasiyya. Ita ta goye ni, ita ta yi mini kitso har na girma, kuma bayan rasuwar Inna ita kaɗai ta rage mini cikin waɗanda muka sha nono ɗaya.

Aure ya kai ni Akokan, can arewa dab da Arlit. Maigidana ma'aikacin ramin haƙar dutsen ma'adini ne, cikin masu shiga ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi. Aka ba mu ɗakuna a site, wato gidajen kamfani, ga pampo a tsakar gida, ga kuran, wato wutar lantarki. Gari ne da kowa baƙo ne a cikinsa: wannan daga Maradi, waccan daga Tawa, mai shagon bakin titi Bakano. Na ce a raina, nan kam zan nuna musu abin da ake kira alkaki.

Kwaɓina na farko ya kunyata ni. Iskar wurin ba ta da tausayi, kafin kwaɓi ya yi tsami ya bushe ya yi ɓawo. Na soya abin da ya samu, ya fito da taurin da za a iya jifan akuya da shi. Ina tsaye ina zagin gari da iskarsa sai na ji dariya ta saman katanga. Maƙwabciyata ce, Ba'abzina, doguwa mai baƙin lulluɓi. Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne a bakinta.

"Maƙwabci," ta ce, "alkamanka tsoho ne. Kuma ka bar tukunya tsirara."

Washegari ta shigo da alkama a ƙullin zane, daga lambun danginta can cikin duwatsu, ja mai ƙamshi. Ta jiƙa tsohon buhu ta naɗe mini tukunyar kwaɓin da shi, yadda suke yi wa bidon, wato jarkar ruwa, don ya yi sanyi. Ba ta tambaye ni me ke cikin tukunyar ba, ni ma ban faɗa ba. Alkakin da ya fito a wannan karon, da Inna na raye da ta gyaɗa kai.

Shekara da shekaru na yi ina riƙe da dokar Inna. Suna, biki, Sallah, dawowar alhazai, duk gidana ake aikowa. In na zo wajen kanwa sai in tura ƙofa in sa sakata, ba wadda ta taɓa cewa don me. Allah ya ba ni ƴaƴa, dukansu maza, masu ci ba masu naɗi ba. Yaya can Damagaram tana da ƴaƴa mata, amma lekol, wato boko, ta ɗauke su, ba wadda ke son warin mai a zanenta. Ban ga laifinsu ba, kowa da hanyar da Allah ya buɗe masa. Sai dai in na zauna na lissafa, hannun Inna ya rage a jikin tsofaffi biyu, ɗaya a kudu ɗaya a arewa.

Sai aka ce dutsen ya ƙare, za a rufe rami. Aka kuwa rufe. Wanda bai ga Akokan a watannin nan ba, ba zai gane ba ko na faɗa masa. Kullum kamiyo, babbar motar kaya, na tsaye a ƙofar wani gida, ana ɗora gado da firigo da akuya. Mazan da suka saba tashi da jiniya suka koma bin inuwa, in ta matsa su matsa. Mu namu da sauƙi, maigida ya kusa ajiye aiki dama. Mijin maƙwabciyata kuwa ba a kamfanin yake ba, wajen wani ɗan kwangila yake, abin da ya fito da shi bai taka kara ya karya ba.

Wata rana da hantsi ta shigo ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, tana murza gefen lulluɓinta. Matar da ba ta taɓa roƙona ko gishiri ba.

"Maƙwabci," ta ce, "kai ka nuna mini alkaki. Yara ya ci, saura in kai tasha."

Na tuna asabarin Inna, ba zan ce ban tuna ba. Amma idona ya sauka kan buhun alkamar da ke jingine a lungu, nata ne. Buhun da ke naɗe da tukunyata, dabararta ce. Ranar da naƙudar autana ta kama ni maigida na cikin rami, bayanta na hau har bakin mota. Zuciyata ta yi zafi, ba da ita ba, da ƙofar nan da na yi ta rufewa a fuskarta tana yi mini murmushi.

"Gobe war haka ki zo," na ce. "Ki yanke farce."

Ta zo, kuma ba ita kaɗai ba. Ta jawo wata gajeruwar Ba'adara mai fara'a da ke zaune a bukkokin bayan site. "Wannan shi ma yana so," ta ce, kamar wadda ta kawo mini tsaraba. Ba'adarar ta durƙusa ta gaishe ni.

"Ni dai ban iya komi ba sai hura, Hajiya. Ki yi haƙuri da ni."

Na dube su su biyu, na dubi ƙofa. Na ce wanda ya shiga ruwa ba ya tsoron jiƙewa, na bar ta a buɗe.

Ba'adarar nan ta ba ni wuya. Murza ta iya, kirɓi kuwa ta fi ni ƙarfi, amma hannunta na da nauyi wajen kanwa. In na ce ɗan kaɗan, sai ta tuttula.

"Wanga ta isa?"

"Ke, miyar kuka kike kaɗawa? Rage!"

"To mi za a auna da shi?"

"Da ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Ta yi dariya ta rage, washegari ta koma gidan jiya. Har muka rabu ban raba ta da wannan hali ba, alkakinta kullum da ɗan ɗaci-ɗaci can ƙarshen harshe.

Kafin a jima tsakar gidana ta zama makaranta. Wannan ta kawo ƙanwarta, waccan ta kawo matar ɗan'uwan mijinta. Ba na kiran kowa, ba na korar kowa. Abin da ya riƙa ba ni dariya ni kaɗai shi ne naɗi. Dukansu hagu suke murɗawa, Ba'abzina da Ba'adara da Bamaradiya, don haka suka ga yatsuna na yi. Ba wadda ta san akwai wani naɗi daban, ni kuma ban faɗa ba.

A cikin wannan hali matar babban ɗana ta haihu, namiji. Yaya ta ce za ta zo suna. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, don tafiyar ba ta wasa ba ce, daga Damagaram zuwa Agadas, daga Agadas a hau hanyar nan da ke kwance wa mutum ƙashin baya. Na gyara mata ɗaki, na turara shi. Abin da ban gyara ba shi ne tsakar gida. Ta yi sallama ana tsakiyar aikin alkakin suna, mata sun kewaye turmi, ni kuma ina tsaye ina ɗaga murya: "In kin ji tsamin ya fara hawa hanci, lokacin kanwa ya yi."

Yaya mace ce mai sanin ya kamata. Ta gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa, ta yi wa jariri addu'a. Amma na san fuskar nan tun ina goye a bayanta. Sai bayan la'asar, da mata suka watse, ta kira ni ɗaki.

"Auta, me idona ya gani?"

"Alkaki, Yaya."

"Kada ki raina mini wayo. Abin da Inna ke saki asabari a kansa, shi kike shela da shi kamar mai tallan goro? A gaban bare?"

"Waccan doguwar da kike kira bare, alkamarta kike ci duk lokacin da na aiko miki."

"Sai ki biya ta da alheri. Ba da gadon gidanmu ba."

Na ce mata mazansu ba su da aiki, yara na kwana da ruwan bidon a ciki. Ta ce Allah bai manta da kowa ba, in ina son taimako in soya in ba su. Na ce yau na ba su, gobe fa? Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, waɗannan da nake koya wa su za su kashe mini kasuwa su kuma manta sunana. Nan fa raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya neman izini.

"Yaya, Inna ta rufe ƙofa don tana da mu a bayan ƙofar. Ni wa nake da shi? Ke wa kike da shi? Cikin ɗiyanki wace ce ta san inda taɓaryarki take?"

Na san na taɓa inda ke ciwo, ban kuma janye ba.

"Sai ki jira jika mace," ta ce a hankali.

"Yatsuna za su jira? Da safe sai na gasa su a wuta kafin su lanƙwasu. In muka mutu da shi a hannu, wa muka yi wa rowa? Inna muka yi wa."

"Gobe in sun zo ki sallame su," ta ce. "In kika buɗe musu ƙofar nan, ba ni ba ke. Kada ki neme ni."

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Yaya na zaune kan tabarma da tasbaha, ba ta ɗaga kai ba. Ina sonta, ina sonta fiye da yadda na taɓa faɗa mata. Amma na ji muryar maƙwabciyata a waje tana cewa, "Maƙwabci, kwaɓi ya tashi!" Na je na zare sakata, na buɗe ƙofar duka, na ɗauko dutse na tokare ta.

Yaya ta naɗe tasbaharta, ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta. Babban ɗana ya roƙe ta, maigida ya roƙe ta, ta ce su kai ta tasha ko ta tafi da ƙafa. Na ƙulle mata alkaki na hanya, ta bar shi kan tabarma. Aka yi suna babu ita. Duk wadda ta ce "Ina Yaya?" sai in ce uzuri ya taso mata, in juya in share ido da bakin zane in ce hayaƙi ne.

Daga nan salula ta mutu tsakaninmu. In na kira ta yi ta ƙara har ta gaji. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba barka ba gaisuwa. Abin ya ci ni ƙwarai. Akwai ranakun da nakan ɗauko salula don in ba ta labarin wani abin dariya, sai in tuna, in ajiye. Maigida ya ce in shirya in je in ba ta haƙuri, ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce haƙuri zan ba ta ko buhu nawa take so, amma sharaɗinta ƙofa ce, ƙofa kuwa ba zan rufe ba.

Kuma ba zan yi ƙarya ba, wani abin da ta hango ya faru. Kasuwata ta rabu. Aikin bikin da dā gidana kaɗai ake kawowa ya watsu gida-gida. Wata da na riƙe wa hannu har ta iya, na ji ta a gidan suna tana cewa wajen kakarta ta gada. Mata suka zuba mini ido su ga abin da zan yi. Na ɗauki alkakinta na ɗaga, na ce, "Allah ya ji ƙan kakarki, ashe ita ma bahaguwa ce." Ba ta gane ba, ni kuma na ci abina. Ko a jikina. Ba don a yi mini kirari na buɗe ƙofa ba.

Sannu a hankali garin ya ci gaba da zubewa. Waɗanda na koya wa suka bi mazansu, wasu Tawa, wasu Maradi, wasu Agadas, wata Cirozerin inda mijinta ya sami aiki wajen gawayi. Ba'adarar nan mijinta mutumin Damagaram ne, can suka nufa. Ta zo sallama tana kuka, na ce ta tafi da albarka ta kuma rage kanwa. Mu muka bar site muka koma Arlit, gidan ƙasa da muka gina. Maƙwabciyata ma ta biyo mu unguwar, yanzu ita ke kai alkaki tasha, direbobi sun san ta. Yatsuna kuwa sun ƙara tauri, yawanci sai dai in zauna in sa ido in yi faɗa.

Ranar nan bayan azahar ina zaune ina tsince alkama, salula ta yi ƙara. Na duba na sake dubawa. Na goge hannu a zane na ɗauka.

Yaya ce. Ta yi sallama kamar jiya muka rabu. Ba ta tambayi maigida ba, ba ta tambayi yara ba.

"Auta, na je suna wata unguwa can bayan tasha. Gidan ban san kowa ba sai uwar mijin. Aka kawo faranti." Ta tsaya, na ji tana jan numfashi. "Naɗin Inna, auta. Faranti guda, duka hagu."

Na matse salula a kunne, ta ci gaba.

"Na ɗauka na kasa kai wa baki. Na ce wa ya yi wannan? Aka nuno mini wata yarinya, ko goyon fari ba ta yaye ba. Na ce ɗiyar wa ce ke, wa ya koya miki? Ta ce wata Ba'adara maƙwabciyarsu da ta dawo daga Arlit. Na ce kin san mai naɗin nan? Ta ce a'a Inna, ai haka ake yi."

Muryarta ta karye a kan kalmar. Ni ma na bar hawaye suka zuba cikin alkamar, ban ce hayaƙi ba ne.

"Ya yi daɗi?" na tambaya.

"Kanwa ta yi yawa. Har ɗaci-ɗaci."

Dariya ta kuɓuce mini cikin kuka. Ashe Ba'adara ta ba da naɗin da kuskuren gaba ɗaya, ba ta rage komai ba.

"To sai ki yi haƙuri ki ci haka, Yaya."

"In ci haka? Alkakin Inna da kanwa kamar za a yi wanki? Washegari na koma gidan. Na sa ta kwaɓa a gabana, da ya tashi na sake komawa, na riƙe mata hannu wajen zubawa. Kirɓinta ma da saura, tana tsayawa tun turmi bai canza murya ba."

Na gyara zama. Na daɗe ina jiran wannan rana, ba zan bari ta wuce ni a banza ba.

"Kin dai saki asabari ko?"



"Gidan ba shi da asabari," ta ce. "Maƙwabta sun leƙo. Ba gidana ba ne da zan kori mutane."

"Ashe hannu ya fita gida."

"Rufe mini baki, marar kunya. Tun kina goye bakinki ya fi ki girma."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ce na tuba ba, don ban yi abin tuba ba. Ta tambayi yaron da ta tafi ta bar sunansa, na ce yana nan yana gudu yana fasa mini kwanoni. Ta ce Allah ya raya. Har na ɗauka za ta kashe, sai ta yi gyaran murya.

"In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da alkamar nan ja ta duwatsu, ta wajen doguwar nan. Ta kasuwarmu ba ta yi wa yarinyar kyau."

"Mudu nawa?"

"Ki cika buhu," ta ce. "Sun zama su da yawa."